Kariyar Masu Zuba Jari ta Wayar Hannu: Bayani ga Al'ummar Rawayau da Kewaye

Mun tanadi wannan shafi ne domin al'ummar Rawayau da sauran garuruwa da ƙauyukan ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma, tare da dagatai, masu unguwanni, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne jama'a kan fara tunkara da tambaya idan wani sabon abu ya shigo gari.

A shekarun baya, wanda yake son sayen hannun jarin wani kamfani sai ya shiga mota zuwa Katsina, ko ma Kano ko Kaduna, ya cike takarda a banki ko a ofishin dillali, sannan ya zauna jiran takardar shaida na tsawon watanni. Yanzu kuwa duk mai wayar zamani da lambar BVN da ta katin ɗan ƙasa zai iya sauke manhaja, ya buɗe asusu, ya sayi hannun jari yana zaune a ƙofar gidansa. Ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya ƙara sabar wa mutanen karkara mu'amala da kuɗi ta waya, har ta kai manomin da ya sayar da gero ko wake ba ya jin ɗar a tura masa kuɗinsa cikin asusu. Daga nan zuwa zuba jari ta waya kuwa taki ɗaya ne.

Tambayar da ta dace kowa ya yi kafin ya tura ko sisi ita ce: idan kamfanin da ke bayan wannan manhaja ya durƙushe, ko ya yi sama da faɗi da dukiyar jama'a, wa zai biya, kuma nawa za a biya? Doka ta tanadi kariya, amma kariyar tana da iyaka, kuma ba kowane kuɗi da aka tura ta waya ne ta shafa ba.

Ajiya daban, jari daban

Kuɗin da mutum ya ajiye a banki yana ƙarƙashin inshorar Hukumar Inshorar Ajiyar Kuɗi ta Nijeriya, wato NDIC, wadda aka kafa a 1988 ta kuma fara aiki a 1989. Bankuna ne ke biyan kuɗin wannan inshora, mai ajiya ba ya biyan komai. Idan Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin wani banki, hukumar takan biya kowane mai ajiya har zuwa wani adadi da aka ƙayyade. A 2024 an ɗaga adadin daga naira 500,000 zuwa naira miliyan 5 ga manyan bankunan kasuwanci, da naira miliyan 2 ga ƙananan bankunan al'umma masu ba da ƙaramin rance da bankunan lamunin gidaje. Masu ajiya a kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya waɗanda Babban Banki ya ba lasisi su ma an sanya musu naira miliyan 5. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suna cikin wannan tsari, da asusun inshorarsu na daban.

An ga yadda abin yake aiki a watan Yuni na 2024, lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage. Hukumar ta yi amfani da lambar BVN wajen gano asusun da mutane ke da shi a wasu bankuna, ta tura musu kuɗinsu har zuwa naira miliyan 5. Waɗanda ajiyarsu ta haura haka sai suka shiga jiran a sayar da kadarorin bankin a kuma karɓo basussukansa, kuma rabon farko da aka yi musu a watan Afrilu na 2025 bai wuce kobo 9.2 a kan kowace naira ba.

Wannan inshora ta masu ajiya ce kaɗai. Wanda ya sayi hannun jarin banki ya zama ɗaya daga cikin masu bankin, saboda haka shi ne na ƙarshe a layin biya, idan ma wani abu ya rage. Dattawanmu da suka sayi hannayen jari a lokacin da aka tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25 a 2004 da 2005 sun san wannan labari. A watan Agusta na 2011 hukuma ta karɓe bankunan Afribank da Bank PHB da Spring, aka maye gurbinsu da Mainstreet da Keystone da Enterprise. Masu ajiya sun ci gaba da cirar kuɗinsu kamar ba a yi komai ba, masu hannun jari kuwa takardunsu suka zama ba su da daraja.

Akwai kuma wani wuri da mutane kan ruɗe. Kuɗin da aka tura cikin manhajar dillali, wanda ba a riga an sayi komai da shi ba, ya bar asusun mai shi ya koma asusun da dillalin ya buɗe wa abokan cinikinsa a banki. Ƙa'ida ta wajabta wa dillali ya raba wannan asusu da nasa na kansa, amma duk da haka kuɗin ba ya kan matsayin ajiyar da mutum ya yi da sunansa. Shawararmu ita ce kada a mayar da manhajar dillali asusun ajiya. A tura abin da za a yi ciniki da shi, abin da ya rage a dawo da shi banki.

Inda hannun jari yake zaune

Babbar kariyar mai hannun jari a Nijeriya tana cikin yadda ake rubuta mallaka. Dillali mai shiga tsakani ne kawai, kamar dillalin shanu a kara: yana sayo maka, yana sayar maka, yana karɓar la'adarsa, amma dabbar ba tasa ba ce. Hannayen jarin kamfanonin da ake cinikinsu a Kasuwar Hannayen Jari ta Nijeriya, wadda tun 2021 ake kira NGX, ana rubuta su ne a kundin wani kamfanin ajiya na tsakiya mai suna CSCS, wanda ya fara aiki a 1997. Duk wanda aka buɗe wa asusu yadda ya kamata ana ba shi lambar shaida ta kansa da ake kira CHN, tare da lambar asusu a ƙarƙashin dillalinsa. Muddin hannun jarin yana rubuce da sunan mutum a wannan kundi, rushewar dillali ba ta rusa mallakarsa. Abin da zai yi shi ne ya nemi a mayar da asusunsa hannun wani dillalin mai lasisi.

Mutanen wannan yanki ba su manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, Kurfi da Dutsin-Ma na ciki, aka kwashe kusan wata uku a haka. Wanda yake da hannun jari a lokacin bai iya buɗe manhajarsa a gida ba, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓata a kundin CSCS ba, domin mallakar ba a cikin wayar take ba. Haka abin yake idan waya ta faɗi ko aka sace ta, sai dai a nan wajibi ne a gaggauta toshe layin, a sanar da banki da dillali, tun kafin ɓarawo ya yi amfani da saƙonnin sirri da ke shigowa ta layin.

Saboda haka, abu na farko da za a nema bayan buɗe asusu shi ne lambar CHN. Wasu manhajoji suna tara hannayen jarin abokan cinikinsu ne a babban asusu guda da sunan kamfanin, su riƙe lissafin rabon kowa a littafinsu. Doka ba ta hana wannan ba idan an yi shi bisa ƙa'ida, amma ya kamata mai jari ya san cewa a irin wannan hali littafin kamfanin ne shaidarsa, kuma idan littafin ya rikice zai sha wahala kafin ya tabbatar da haƙƙinsa. A wajenmu, ga mutumin karkara da ba shi da lauya a kusa, asusun da ke ɗauke da sunansa ya fi kwanciyar hankali.

Akwai matakai biyu da ke toshe hanyar ha'inci, kuma dukansu a hannun mai asusu suke. Na farko shi ne saƙon gargaɗi da ke shigowa waya duk lokacin da aka saya ko aka sayar da wani abu a asusun, don haka a tabbata lambar waya da aka bayar ta mai asusun ce, ba ta yaron da ya taimaka wajen cike bayanai ba. Na biyu shi ne tsarin biya kai tsaye da aka fara a watan Janairu na 2016, wanda ke sa kuɗin cinikin hannun jari ya faɗa asusun bankin mai shi ba tare da ya bi ta hannun dillali ba. An kawo wannan tsari ne saboda yawan ƙorafin da aka samu na dillalan da ke sayar da hannun jarin mutane ba da izini ba su riƙe kuɗin. Sai an cike takarda an nema ake sanya mutum a tsarin, kuma muna ganin babu dalilin da zai sa a ƙi nema.

Asusun biyan diyya

Idan duk da haka dillali ya cuci mutum, akwai asusu na musamman. Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2007 ta wajabta wa kowace kasuwar hannun jari ta kafa asusun kare masu zuba jari, kuma sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2025 ta ci gaba da wannan tanadi. Ana biyan diyya daga asusun ne idan asarar ta samo asali daga karayar dillali mai lasisi, ko sakacinsa, ko cin amanar da shi ko ma'aikatansa suka yi da kuɗi ko hannun jarin da aka damƙa musu, ko kuma soke rajistarsa. A 2015 amintattun asusun kasuwar sun amince da biyan mutum 158 kimanin naira miliyan 42, bisa iyakar naira 400,000 ga kowane mai ƙorafi. A ƙarshen wannan shekarar kuma Hukumar Kula da Kasuwar Hannayen Jari, wato SEC, ta ƙaddamar da nata asusun na ƙasa da naira biliyan 5, domin waɗanda suka yi asara a hannun masu rajista da ba 'yan kasuwar ba, kamar masu juya kuɗin jama'a, aka sa iyakar biya naira 200,000.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, waɗannan adadi na 2015 ƙanana ne. A farashin yau naira 400,000 ba za ta sayi ƙosasshen bijimi ba. An yi asusun ne domin rage wa ƙaramin mai jari raɗaɗi, kuma kafin a biya sai an binciki ƙorafin an tabbatar da shi, abin da kan ɗauki lokaci. Wanda ya zuba miliyoyi kada ya sa a ransa cewa daga nan za a mayar masa da dukiyarsa baki ɗaya.

Abin da babu asusun da ke biyansa shi ne faɗuwar farashi. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000, kafin ƙarshen 2009 ya sauko ƙasa da 21,000. Mutane da yawa, har da waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari, sun rasa fiye da rabin dukiyarsu, kuma ba a biya kowa diyya ba, domin doka tana kallon wannan a matsayin kasuwa, kamar wanda ya ɓoye masara a rumbu da fatan ta yi tsada sai ta karye.

Manhajojin sayen hannun jarin Amurka

Wasu manhajoji suna tallata sayen hannayen jarin kamfanonin Amurka, kuma sukan rubuta cewa asusun yana da inshorar dala 500,000. Wannan magana tana nufin wata hukuma ta can mai suna SIPC, wadda aka kafa a 1970. Idan dillalin Amurka da ke cikin tsarinta ya karye kuma dukiyar abokan ciniki ta yi ɓatan dabo, takan cike giɓin har zuwa dala 500,000 ga mutum ɗaya, wanda a ciki tsabar kuɗi ba za su wuce dala 250,000 ba, kuma ba ta ware wanda ba ɗan Amurka ba. Sai dai a lura: kamfanin Nijeriya mai manhajar yana miƙa ciniki ne ga wani dillali a Amurka, kuma wancan dillalin ne inshorar ta shafa. Idan kuɗi ya maƙale a hannun kamfanin gida tun bai ƙetare ba, hukumar Amurka ba ta da hannu a ciki. Ita ma ba ta biyan faɗuwar farashi, balle asarar canjin dala da naira.

A watan Afrilu na 2021 hukumar SEC ta yi gargaɗi a kan manhajojin da ke sayar wa 'yan Nijeriya hannun jarin waje ba tare da rajista ba, daga baya ta fito da lasisin da ya dace da irin aikinsu. A watan Agusta na shekarar kuma Babban Banki ya samo umarnin kotu na rufe asusun bankin wasu daga cikinsu domin bincike a kan canjin kuɗin waje. An buɗe asusun daga baya, amma abin ya nuna cewa hanyar da kuɗi ke bi zuwa waje tana iya toshewa ko da babu wanda ya ci amana.

Waɗanda ba su da rajista

Duk kariyar da muka ambata tana aiki ne ga wanda ya yi hulɗa da kamfani mai rajista. Mafi yawan asarar da jama'armu ke yi kuwa a wajen wannan shinge take faruwa. Tsarin MMM ya daina biya a watan Disamba na 2016, kuma hukumar NDIC ta ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A watan Afrilu na 2025 dandalin CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rufe da dukiyar jama'a, hukumar SEC kuma ta bayyana cewa ba ta taɓa yi masa rajista ba. Babu asusun diyyar da ya shafi irin waɗannan. Hanyarsu ɗaya ce: a biya na farko da kuɗin na baya, na farkon ya zama shaida a gari, har ranar da sababbin shiga suka ƙare.

Muna jan hankalin shugabannin al'umma a kan takardar rajistar kamfani ta hukumar CAC, wadda masu irin wannan harka kan nuna a fada ko a sakatariya. Wannan takarda shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista, irin wadda mai shagon magani ko mai gidan burodi yake da ita. Izinin karɓar kuɗin jama'a domin zuba jari daga SEC yake fitowa, izinin karɓar ajiya kuma daga Babban Banki. Hukumar SEC tana da jerin sunayen masu rajista a shafinta na intanet, tare da irin aikin da aka ba kowa izini, kasuwar NGX ma tana da jerin dillalanta. A duba sunan kamfanin harafi da harafi, domin 'yan damfara sukan ari suna mai kama da na gaskiya. Haka nan a yi hattara da manhajojin cinikin kuɗaɗen waje da na kirifto waɗanda mazauninsu ke wata ƙasa. Dokar 2025 ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar SEC, amma kaɗan ne daga cikin dandalin da ake tallatawa a waya suka samu amincewarta.

Wannan doka ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da tsarin ninka kuɗi da masu tallata shi. Don haka kafin a ba wani ɗakin taro na makaranta ko na sakatariya, ko a yarda a ɗauki hoto da shi a ƙofar fada, ko a sanar da taronsa bayan sallah, a fara tambayar rajistarsa a kuma tabbatar. Hoton mai gari tare da baƙo ya ishi talakawa da yawa hujjar sayar da akuya su kai kuɗi.

Yadda ake kai ƙorafi

Tsarin da SEC ta shimfiɗa a 2015 ya ce a fara kai ƙorafi a rubuce ga dillalin kansa, wanda aka ba kwana 10 na aiki ya warware. Idan bai yi ba, a kai wa sashen sa ido na kasuwar NGX, daga nan sai hukumar SEC, wadda ofishinta na shiyya mafi kusa da mu yake Kano. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da damar zuwa Kotun Musamman ta Zuba Jari da Hannayen Jari. A kowane mataki takarda ce ke magana: shaidar tura kuɗi daga banki, takardar ciniki da dillali ke aikowa, bayanin asusu na CSCS, da kwafin wasiƙar ƙorafi mai kwanan wata. Yana da kyau a riƙa buga waɗannan a takarda lokaci-lokaci, domin manhajar da ta rufe takan tafi da duk abin da ke cikinta. Idan kuwa kamfanin ba shi da rajista, maganar ta zama ta damfara, sai a nufi 'yan sanda ko hukumar EFCC.

Tsofaffin takardu da gado

A gidaje da yawa akwai tsofaffin takardun hannun jari na shekarun 2000 a cikin akwati, wasu masu su sun rasu. Kada a yar da su. Idan kamfanin yana raye, ko ya haɗe da wani, mallakar tana nan, kuma mai yiwuwa akwai ribar shekaru da ba a karɓa ba. Tun 2015 ake biyan riba kai tsaye cikin asusun banki ga wanda ya cike takardar neman haka a bankinsa ko wajen magatakardan kamfanin. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara 6 ba a karɓa ba za a mayar da ita wani asusun amana na Gwamnatin Tarayya, amma mai ita ko magadansa suna da haƙƙin nema a kowane lokaci. Matsalar da aka fi cin karo da ita ita ce saɓanin suna, musamman ga waɗanda suka saya da sunan gari a wata takarda, da sunan uba a wata, ko da sunan 'ya'ya. Ana gyara wannan ta hannun dillali da magatakarda, da takardar rantsuwa daga kotu da katin shaida.

Idan mai jari ya rasu, magada za su buƙaci takardar shaidar rasuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu kafin a mayar da hannun jarin sunansu ko a sayar a raba. Jarin da aka saya ta waya ya fi na takarda saurin ɓacewa daga idon iyali, tun da babu abin da za a tsinta a akwati. Saboda haka muna roƙon duk wanda ya buɗe irin wannan asusu ya rubuta sunan dillalin da lambar CHN da bankin da riba ke shiga a takarda guda, ya ajiye tare da takardun gona da na gida, ya kuma sanar da wani amintacce a cikin iyalinsa. Lambar sirri ta shiga manhaja ba ta cikin abin da za a rubuta a wannan takarda.